Baba Sai-Na-Gani da Shingen Inna

Bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni. Shekara shida ke nan ina barin baƙi suna zaton ni na kafa shingen katakon da ya zagaye tsakar gidanmu. Ban taɓa buɗe baki na ce ni na yi ba, don ƙarya ba halina ba ce. Abin da nake yi shi ne, idan baƙo ya shafa katakon ya ce, "Kai, wannan aiki ya yi kyau," sai in gyara tsayuwa, in ɗan dubi tafin hannuna, in ce, "An dai sha wahala." A daidai wannan lokacin maiɗakina kan tuna ta bar wani abu a kan wuta.

To, wanda ya sha wahalar ya ajiye zarto a ƙarshen watan jiya, bayan shekara arba'in da ɗoriya yana aikin kafinta. Kafaɗarsa ta dama ce ta ce ta gaji, ba ya iya ɗaga guduma sama da kansa. Ba a yi masa taro ba, ba a ba shi takardar yabo ba. Ya share rumfarsa, ya miƙa wa abokin aikinsa makulli, ya hau kekensa ya tafi gida. Shi ya sa na ga lokaci ya yi da zan mayar wa mai kaya kayansa, a gaban jama'a.

A unguwarmu Baba Sai-Na-Gani ake kiransa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka same shi a rumfa ka ce, "Baba, shinge nake so, wane katako ya fi?" Zai ce, "Sai na gani." Tsawonsa fa? "Sai na gani." Kwana nawa zai ɗauka? Ka riga ka san amsar. Masu gaggawa da yawa sun yi fushi sun tafi wajen wanda zai ba su amsa a tsaye, kuma da yawansu sun dawo bayan damina biyu suna sunkuyar da kai.

Rumfar tasa tana bayan layin masu sayar da kayan gini, tsakanin mai walda da mai gyaran fanka. Ƙarfe bakwai saura kwata yake isowa. Ba ya taɓa aikin kowa sai ya share wurin tas, sannan ya zauna a kan benci ya wasa zarto da magagari, haƙori bayan haƙori, kamar mai tsince shinkafa. Daga nan sai ya zagaya bayan rumfa inda yake jibge katako. Ba jibgewar banza ba ce: tsakanin kowane falanki da na samansa akwai 'yan sanduna, don iska ta ratsa. Yana bi yana ƙwanƙwasa su da bayan yatsa, yana kasa kunne. Wanda ya yi ƙara ƙwal-ƙwal, ya bushe, ya isa aiki. Wanda ya yi dum, sai ya juya shi ya ce masa, "Kai da saura." Fensir a bayan kunne, dunƙulen zare a aljihu. Ban taɓa ganinsa babu waɗannan biyun ba, har a wajen gaisuwar mara lafiya.

Wajen ƙarfe takwas sai Dogo ya iso, da diga da shebur a kafaɗa, da uzurin da ya sa ya makara. Dogo shi ne abokin aikin nasa, mai haƙa rami da dama siminti. Ya haura hamsin, yana da jikoki, kuma duk ƙofar da zai shiga sai ya rusuna mata. Shekara ashirin da biyu suna tare. Dogo ya ce mini a cikin shekarun nan sau biyu Baba ya taɓa yaba masa rami, kuma ɗaya daga ciki ba shi ya haƙa ba.

Mai waldan da ke maƙwabtaka da rumfar ya ba ni labarin wani mai gida da ya ɗauki Baba aiki lokacin da maƙwabcinsa ya yi tafiya. An ja zare a kan iyaka, sai mai gidan ya sa ƙafa ya ɗan tura turken zuwa cikin filin maƙwabci, kamar taƙi ɗaya. Ya ce, "Baba, ai ba zai lura ba." Baba ya tsuguna ya cire turken, ya naɗe zarensa a hankali, ya sa a aljihu, ya ce wa Dogo, "Ɗauko digarka." Tun daga ranar ba ya haƙa rami ko ɗaya sai na dama da na hagu sun fito sun ga inda zare ya bi, sun ce sun yarda.

Ni kuwa ba ta hanyar arziki na san shi ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta yi shekara talatin tana shugabar makarantar firamare. Rabin magidantan layinmu sun taɓa durƙuso a gaban ofishinta. Har bayan ta yi ritaya, za ka ga mutum da furfura a gemu ya hango ta daga nesa ya gyara zaman hularsa. Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta same ta wata safiya tana shara, ta kama mata hagu. Ta yi mako uku a asibiti, muka dawo da ita gidana. Likitar motsa jiki da ke zuwa duba ta ba ta yi mana kwana-kwana ba. Ta ce, "Watannin nan na farko su ne komai. In tana taka ƙafar nan kullum, za ta dawo. In ta zauna, to kujerar ce za ta zama ƙafarta."

A cikin gidan babu wajen tafiya. Barandar ciki taku bakwai ce, ka juyo ka yi karo da firiji. Tsakar gida ce mai fili, amma a lokacin wayar raga kawai ta raba ta da titi, iya ƙugu, duk mai wucewa yana iya ƙirga wankin da muka shanya. Ranar da muka fara fito da ita, ni a dama maiɗakina a hagu, taku uku ta yi. Sai ga makanikin da ke tsallaken titi, tsohon ɗalibinta, ya tsaya da sifana a hannu ya ce, "Allah sarki, Malama! Haka kika koma?"

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Inna ta tsaya cak. Ta ce, "Ku mayar da ni ciki."

Ba ta sake fitowa ba. Na yi lallashi, na yi wa'azi, na kawo ƙanwarta ta yi mata faɗa. Ta ce, "Yaran da na koya wa fyace hanci su ne za su tsaya a titi suna ce mini Allah sarki? Gara in zauna." Ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu da aka ba mu a asibiti kuwa, ta mayar da shi wajen rataye tawul.

Sai na ce zan yi shinge, da hannuna.

Inna ba ta kirana da komai sai Akawu, tun ranar da na samu aikin ofis. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Akawu, kai da ko labule ba ka taɓa ratayawa ya zauna daidai ba?"

Wannan magana ce ta ƙara mini ƙaimi. Na kalli bidiyo goma sha wani abu a waya, na ji na ƙware. Na je kasuwar katako ina ɗaga falanki ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya fi nauyi shi nake warewa, don a lissafina mai nauyi shi ne mai ƙwari. Na haƙa ramuka iya inda bayana ya yarda. Na jera falankan gefe da gefe, gam-gam, ko allura ba za ta ratsa ba. Asabar biyu da Lahadi biyu na tsayar da ɓangaren titi. Bayan kwana goma katakon ya fara motsewa, tsakanin kowane biyu aka samu kafar da yaro zai zura hannu. Shingen ya koma kamar haƙoran tsoho. Sai aka yi iska wata la'asar, ba ma wata babba ba, ya rusuna wa titi kamar mai gaida surukai, bai kuma ɗago ba.

Mako uku ya tafi a haka. Likitar ta zo ta lanƙwasa idon sawun Inna. A bakin ƙofa ta ce mini, "Ya fara sandarewa. Ba ku da lokaci mai yawa." Washegari maiɗakina ba ta shawarce ni ba, ta je ta ɗauko Baba.

Ya jingine kekensa, ya zagaya aikina sau ɗaya. Ya sa yatsa ɗaya ya tura ginshiƙi, ginshiƙin ya tafi ya dawo.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Wani ne, Baba."

"Allah ya shirye shi."

Maiɗakina ta ce "Amin" da ƙarfin da ban taɓa jin ta yi ba.

Ya ɓamɓaro falanki ɗaya ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Ya ce, "Wannan katakon bai ma san an sare shi ba tukuna."

Na ce, "Ai masu nauyi aka zaɓa, don ƙwari."

"Ruwa ka sayo, Malam. Nauyin ruwa ne. Ruwan ya tafi, ya bar maka kafa." Ya ajiye falankin. "Ka gaya wa wanin."

Na ce masa muna gaggawa, kwana nawa zai ɗauka. Ya ba ni amsar da kowa ya sani. Sannan ya yi tambayar da babu ita a bidiyo ko ɗaya da na kalla. Ya ce, "Wa ake ɓoyewa, kuma daga wa?"

Na gaya masa komai. Ya ce yana so ya gaishe ta. Inna ba ta yarda ya shiga ɗaki ba, ta bayan labule suka yi magana.

"Malama, ya jiki?"

"Jiki yana nan yadda aka ba ka labari. Kai ne kafintan?"

"Ni ne, Malama."

"Ina fata ka fi na farko."

"Ba zai yi wuya ba, Malama."

Na ji Inna ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta farko tun da muka baro asibiti, kuma a kaina aka yi ta.

Da muka juyo za mu fita, Baba ya tsaya a barandar ciki yana kallon bango. Akwai wani dogon tabo a jikin fentin, daga ƙofar ɗakin Inna zuwa ƙofar banɗaki, inda take dafawa da hannun dama in za ta wuce. Kunya ta kama ni, na ce za mu sake fenti. Bai kula ni ba. Ya zaro zarensa, ya auna daga ƙasa zuwa tabon, ya ƙulla ƙulli a wurin, ya mayar aljihu.

Ranar farko ko rami ɗaya ba a haƙa ba. Ya tambayi tsawon Inna, aka ce kusan ɗaya suke da maiɗakina. Sai ya sa maiɗakina tana kai da komo a tsakar gida, shi yana riƙe da falanki a gicciye a jikin doguwar sanda, Dogo kuma yana tafiya a titi.

"Dogo, me kake gani?"

"Ina ganin ɗankwali."

Baba ya ɗaga falankin. "Yanzu fa?"

"Babu."

"Yi ɗage."

"Ɗankwali ya dawo."

Haka suka yi ta yi. Dogo ya tsallaka titi, ya hau dakalin makaniki, ya hau keke ya miƙe a kan feda, har bayan wata motar ɗaukar kaya ya hau. Yaran layi suka taru suna kallo, ni kuma ina duba agogo ina huci. A ƙarshe Baba ya ja layi da fensir a jikin sandar ya ce, "Nan ne." Shingen ya fi nawa tsawo da taƙi biyu ta ɓangaren makaniki, ya kuma fi shi gajarta ta ɓangaren da babu kowa sai bangon sito. Na ce ai ba zai yi kyau ba, wani wuri sama wani ƙasa. Ya ce, "In na daidaita duka da mai tsawon, na tare muku iska a banza. Mara lafiya na son iska."

Katakon daga bayan rumfarsa ya fito, wanda ya yi wata da watanni yana bushewa. Ya jiƙa gindin kowane ginshiƙi a kwalta saboda gara. Kashi ɗaya cikin uku na ginshiƙin a ƙasa yake shiga, don haka Dogo ya yi ta haƙa har sai da hannunsa ya ɓace a rami har kafaɗa. A ƙasan ramin aka zuba tsakuwa don ruwa ya samu hanyar wucewa, sannan siminti, aka yi masa tudu a sama yadda ruwan sama zai gangara ya bar itacen. Sai Baba ya ce a bar shi kwana uku ya kama.

Na ce, "Baba, kwana uku! Ƙafar tana sandarewa."

Ya ce, "Na sani, Malam. Amma za a jingina da shingen nan. Ba na so ya tafi da mutum."

Ban gane abin da yake nufi ba a lokacin. Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce.

A cikin kwanakin nan ne Inna ta gano Dogo. Ashe shi ma ɗalibinta ne, shi ya sa tun da ya zo yake aiki yana ba tagarta baya. Wata safiya sai muka ji murya daga bayan labule.

"Kai, wancan dogon. Ba kai ne ka shekara biyu a aji huɗu ba?"

Dogo ya saki shebur ya ƙame. "Ni ne, Malama."

"Bakwai sau takwas?"

Mutum mai jikoki yana kallon sama yana motsa yatsu. Baba ya raɗa masa, "Hamsin da shida."

"Ba da kai nake ba, Kafinta."

Daga ranar kullum sai ta yi wa Dogo tambaya ɗaya, shi kuma ya fara zuwa aiki da wuri, da takarda a aljihu.

Da aka zo jera falankai, ba gefe da gefe ya jera su ba. Kowanne ya hau kan ɗan'uwansa da faɗin yatsa biyu, ta yadda ko katakon ya ƙara motsewa babu kafar da za ta buɗe. A ƙa'idarsa yakan bar tazarar yatsa uku tsakanin falanki da ƙasa don kada laima ta ruɓar da shi. A gidanmu sai ya kwantar da wani falanki daban ya rufe tazarar. Dogo ya ce, "Baba, wannan ai ruɓewa zai yi." Ya ce, "Zai ruɓe, a canza shi bayan shekara biyar. Malama ba fuskarta take ɓoyewa ba. Ƙafar take ɓoyewa."

Ni ɗanta ne, wata biyu ina kwana ina tashi da ita a gida ɗaya, ban lura da wannan ba.

Rigima ɗaya muka yi da shi. Shinge yana da fuska biyu: ɓangare mai santsi, da ɓangaren da ake ganin katakan kwance da ke riƙe da falankai. Na ce a juyo mini mai santsin ciki, tunda ni zan riƙa kallonsa. Ya ce a'a, katakan kwancen ciki za su kalla. Na ce gidana ne. Ya ce, "Gidanka ne. In ka sa su a waje ka yi wa ɓarawo tsani." Sai na yarda, kamar dai dama ra'ayina ne.

Amma katakon kwance na tsakiya ya dame ni. Da farko dai ba a tsakiya yake ba. Sannan bai manne da falankai ba, an ɗora shi a kan wasu 'yan guntaye ya ɗan turo, yadda yatsu za su zagaya bayansa. Baba ya kashe yini guda cur a kansa, yana fere masa kaifi yana gogewa, har ya koma sumul kamar ƙotar tsohuwar fartanya. Ko kan ƙusa ɗaya bai bari ya fito ba. Na tuna ilimina na bidiyo, na ce, "Baba, wannan fa bai zo tsakiya ba."

Ya zaro zaren nan mai ƙulli, ya sa bakinsa a ƙasa, ya ja. Ƙullin ya sauka daidai a kan katakon. Ya ce, "Tsakiyar wa?"

Kwana tara aka gama. Saura babban aikin, wato fito da Inna, don ta riga ta ce ko katangar ƙarfe aka yi ita ta gama fita. Baba ya wanke hannu, ya je bakin labule.

"Malama, na gama. Amma ba na barin aiki sai an duba mini. Ɗanki kuwa, kin dai san idonsa. Ina neman wanda ya saba ganin kuskure."

Sai Inna ta ce, "Akawu, miƙo mini tabarau."

Muka kai ta bakin ƙofar kicin, inda shingen ya faro. Ta ture hannuna. Hannunta na dama ya nemi abin dafawa kamar yadda ya saba a barandar ciki, ya same shi a inda ya saba samu. Ta sunkuya tana duba falankin farko. Ta matsa gaba. A wajen ginshiƙi na biyu ta ce, "Wannan ƙusar ta karkace." Baba ya ce, "Kash. Gaskiya ne, Malama." Ta ƙara matsawa tana jan ƙafar. A na uku ta sami inda ba a goge zanen fensir ba. A na huɗu numfashinta ya ƙare, maiɗakina ta kawo kujera. Taku goma sha tara. Na ƙirga, don aikina ke nan.

Baba ya ce, "Gobe da safe zan biyo in gyara waɗannan, sai ki duba mini sauran."

Mako uku yana biyowa kullum ƙarfe bakwai da rabi, kafin ya wuce rumfa, abin da ya sa a karon farko tun da suka fara aiki tare Dogo ya riga shi buɗe wurin aiki. Kullum zai gyara kuskuren jiya, kullum kuma Inna za ta sami sabo, a ɗan gaba da inda ta tsaya. Dogo ne ya gaya mini daga baya cewa Baba da kansa yake lanƙwasa ƙusa ɗaya kafin ta fito. Mutumin da ya shekara arba'in ba a kama shi da karkatacciyar ƙusa ba.

Na taɓa tambayar Inna ko ta san da haka. Ta ce, "Shekara talatin ina yi wa yara wannan dabarar, shi ne zai yi mini ban gane ba? Na dai bar shi ne, don yana ƙoƙari."

Bayan wata huɗu ta buɗe ƙofar shingen da kanta, da sanda a hannu, ta tsallaka titi har garejin makaniki. Ya taso da sauri zai gaishe ta. Ta ce, "Je ka wanke hannunka tukuna." Yau shekara shida, tana zuwa duk inda take so, da ɗan jan ƙafa wanda sai ka sani za ka lura.

Na je gidan Baba makon da ya ajiye aiki, na same shi a zaune yana gasa kafaɗa da ruwan zafi. Na ce masa zan yi rubutu a kansa. Ya ce, "A kan me?" Na ce a kan aikinsa. Ya ce, "Ka canza falankin ƙasan nan?" Ban canza ba. Ya ce, "To ka fara da wannan."

Baba, ban fara da shi ba, ka yi haƙuri. Rubutu ya fi mini sauƙi.

Kai ne kafintan da ke tambayar wa ake ɓoyewa kafin ya tambayi faɗin fili. Kai ne ka ga tabo a bango, inda mu muka ga abin kunya, kai ka ga awo. Kai ne ka yi wa tsohuwa mai girman kai abin dafawa mai tsawon taku sittin, ba ka taɓa kiransa da sunansa ba, don ka san in ka kira ba za ta taɓa shi ba. Kai ne ka bari aka yi ta kama ka da kuskure kullum safiya, kana cewa "Gaskiya ne, Malama." Dodon gara, mai zare a aljihu. Ban iya kirari ba, iyakacina ke nan.

Na gode, a madadin Inna wadda ba za ta faɗa ba, da maiɗakina wadda ta faɗa tun tuni, da ni da na shekara shida ina karɓar yabon da ba nawa ba. Allah ya ba kafaɗar nan sauƙi, ya sa ka ci moriyar hutunka. Masu sana'a kuwa, kafinta ne ko tela ko akawu irina, ba sai mun iya abin da ya iya ba. Ya isa mu koyi jinkirta amsa har sai mun je mun ga mutumin da za a yi wa aikin.

Saura abu ɗaya. Zan faɗe shi ne don na san Inna ba ta karanta rubutuna, ta ce ta karanta isasshe lokacin ina firamare.

A bayan gidanmu akwai wani gidan bene. Shekaranjiya matar gidan ta roƙe ni in taya su hawa da sabon firiji sama. Maza uku suka ɗauka, ni na riƙe wayar firijin. Wannan ne karo na farko da na taɓa hawa benen. Da muka ajiye, ta ga ina kallon labulen tagar ɗakin, wani mai kauri, sai ta ce, "Kafintanku ne ya sa na saye shi. Ya hawo nan tun kafin ya haƙa muku rami, ya tsaya inda kake tsaye. Ya ce in taimake shi in riƙa sakin labule daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe, kada kuma in gaya wa kowa. Wata huɗu ina shirya yara makaranta da fitila."

Na ɗaga labulen. Daga wannan tagar ana ganin tsakar gidanmu kaf, tun daga ƙofar kicin har ginshiƙi na ƙarshe.